Hannu Mai Yatsu Huɗu

A shagon gahawar Hilal, idan aka ambaci Usta Zaglul mai wankin katako, masunta cewa suke yi mutum ne da ya fi tausayin katako a kan ɗan Adam. Matan da ke da gidajen hutu a bakin tekun Ras al-Barr kuwa, masu zuwa daga Mansura da Alƙahira idan zafi ya kama, suna ba juna lambarsa kamar yadda ake ba da ta likitan haƙori: zai ɓata miki rai, amma shi za ki nema. Akwai wadda ta rantse ya taɓa korar ta daga kan dandamalin gidanta don ta tako da takalmi mai tsini alhali mai bai bushe ba. Matarsa Fathiyya ba ta ƙaryata kowa. Abin da take ƙarawa kawai shi ne, shekara talatin da ɗaya yana wanke shingen mutane, amma nasu na gida sai da ta yi yajin girki kafin ya ɗaga ido ya dube shi.

Ranar Alhamis ɗin, saura kwana goma a rufe makarantu masu hutu su kwararo, hantsi ya same shi durƙushe a kan dandamalin Madam Sumayya. Ya riga ya jiƙa allunan da ruwan famfo, don busasshen katako shanye sabulu yake yi ya bar dabbare-dabbare. Yanzu yana bin su ɗaya bayan ɗaya da buroshi mai laushi, yana tafiya da jijiyar katakon, ba ya gitta ta. Gansakukar da ruwan hunturu ya bari a tsakanin alluna da tsinken kara yake zaƙulo ta. Baƙin zanen da tsatsar ƙusa ke zubowa kuwa sai ya ɗiga masa gishirin lemo, ya bar shi ya jiƙa. Injin feshin nan da samarin yanzu ke yawo da shi a bayan babur, wanda ke tsefe katako kamar audugar katifa, ko sunansa ba ya son ji.

Sai ga tasi ta tsaya a ƙofar gidan da ke tsallaken titi.

Zaglul ya rage saurin hannu. Gidan nan shi ya gama shi makon jiya. Kwana uku yana wanki, kwana uku yana jiran bushewa, sannan ya shafa dafaffen mai har sau biyu. Shingen da ya yi baƙi kamar gindin tukunya ya dawo launin zuma. Ɗan mai gidan, Injiniya Midhat, shi ya kira shi daga Alƙahira ya ba shi aikin. Wannan da ke fitowa daga mota da ƙyar, da baƙar riga da sandar ƙarfe, uwarsa ce, Hajiya Ummu Midhat. Zaglul bai ɗaga kai ba. Ya san yadda abin ke tafiya: za ta tsaya, ta yi salati, ta tambayi maƙwabta wa ya yi wannan aiki, shi kuma sai an kira shi sau biyu kafin ya waiwaya.

Ta tsaya ɗin. Ta kuma yi salati. Amma abin da ya biyo baya ihu ne.

"Ina hannun? Jama'a, ina hannun Bayyumi?"

Tagogi suka fara buɗewa. Direban tasi ya ajiye akwatinta ya tsaya riƙe da ƙugu. Tsohuwar tana shafa ginshiƙin ƙofa na dama, sama da ƙasa, kamar mai neman makunnin fitila a cikin duhu.

"Wane marar tsoron Allah ne ya taɓa min ƙofa?"

Zaglul ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya tsallaka titi. "Ni ne, Hajiya. Sannu da hanya. Lafiya?"

"Kai ne?" Ta dube shi daga hula har silifa. "Wa ya aike ka?"

"Wanki aka ce in yi, na yi. In jinin nan kike nufi, ai rabin yini ya cinye min. Sai da na sa fasasshen gilashi na kankare..."

"Ka kankare!" Ta juya ga tagogin. "Kun ji shi? Ya kankare! Da bakinsa, yana alfahari! Kai, jakin wane gari ne? Ranar da muka sayi gidan nan mijina ya yanka rago a nan inda kake tsaye, ya tsoma hannunsa ya buga. Yatsu huɗu! Ba ka ƙirga ba? Na biyar zarto ya cinye a Dumyat yana nema mana abin da muka sayi gidan da shi. Duk layin nan wa bai san hannun Usta Bayyumi ba?"

"Hajiya, a bi a hankali. Ni ba yaro ba ne."

"Da yaro ne da ya tambaya! Kabarinsa ma in an ba ka sai ka wanke sunan, ka ce ya yi datti!"

Ta ɗaga sandar. Ba ta kai masa ba, bokitinsa na ɗauraya da ya tsallako da shi ta doka, ruwan ya malale a kan ƙafafunsa. Wani a bene ya yi dariya ya haɗiye. Zaglul ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi. Tun da ya fara furfura ba wanda ya taɓa kiran sa jaki, ko a bayan ido bai ji labari ba, balle a tsakiyar titi, gaban mata da direban tasi.

Da ya koma tsallake, ya iske Madam Sumayya a bakin ƙofarta ta harɗe hannuwa.

"Usta, bar shi haka nan tukuna."

"Madam, sabulu na kai. In ya bushe a haka..."

"Zan sa a watsa ruwa. Akwai sunayen jikokina da suka sassaƙa a jikin matakala, ban sani ba ko su ma datti ne. Bari maigidan ya zo mu yi shawara."

Ya tattara buroshinsa. Kafin ya kai ƙarshen layin wayarsa ta yi ƙara: matar likitan da zai yi wa aiki ranar Asabar ce, wai sun fasa, wai ɗan 'yar'uwarta yana da inji. Bai tambaye ta wa ya gaya mata ba. A garin nan magana ta fi babur gudu.

Sau huɗu yana kiran Injiniya Midhat kafin ya ɗauka.

"Usta, ina cikin taro."

"Ni ma daga taro nake, ranka ya daɗe. Mahaifiyarka ce ta tara min shi."

Muryar ta sauko ƙasa. "Ta iso ke nan? Ai na ce sai Lahadi... To, ka ga, tsohuwa ce. Ka shanye kawai. Kwana biyu ta manta."

"In shanye? Ta kira ni jaki. Gida biyu sun kore ni tun kafin azahar. Ka kira ta ka gaya mata kai ka sa ni."

"Haba Usta, kai ma ka san ba zai yiwu ba. Kai baƙo ne, fushinta a kanka ba ya kwana. Ni kuwa ɗanta ne. Zan gyara maka, kada ka damu, zan ga abin da..."

"Sunana za ka gyara?"

"Ana kira na. Za mu yi magana."

A shagon gahawa labari ya riga shi zama. Hilal, mai wurin, ya ajiye masa shayi ba tare da ya nema ba, yana danne murmushi a ƙarƙashin gashin baki.

"Ku matsa wa Usta. Ku kuma ɓoye hannuwanku, kada ya kankare."

Aka bushe da dariya. Wani dattijo mai carbi a lungu ya ce ai ma lada ya samu, jini najasa ne, buga shi a ƙofa ba ya cikin addini. Wani masunci ya ce to ya je ya gaya wa Ummu Midhat haka, su za su riƙe masa carbin. Zaglul bai taɓa shayin ba. Ya ciro waya, ya lalubo saƙon murya, ya ɗora ta a kan tebur.

"Salamu alaikum Usta," in ji muryar Midhat, ana jin hon ɗin motoci a bayanta. "Wannan hannun jinin da ke jikin ginshiƙin ƙofa, ka gan shi ai. Ka cire min shi gaba ɗaya, ko da kankara ne. Kada ka bar ko alama."

Ya kife wayar, ya danne ta da tafin hannu har ta yi shiru.

"Af!" in ji Hilal. "Ashe da takardarka a aljihu. To me ka tsaya yi ana yi maka wanka da ruwan bokiti?"

"Ban tuna ba. Raina ne ya ɓaci."

"Akwai saura ai. Na ji bai ƙare ba."

"Sauran ba naku ba ne."

A gida Fathiyya ta soya kifi ta dafa jar shinkafa. Ya zauna ya tura farantin gefe. Ita ma ta ji, maƙwabciya ta kawo mata har kicin, da ƙarin cewa an fasa masa kai da sanda. Ta duba kan, ta ga lafiya lau, sannan ta ce ya kunna mata saƙon. Ita bai tsayar mata ba. Bayan maganar hannu, muryar ta ci gaba:

"Akwai wanda zai zo ganin gidan ƙarshen wata, mun riga mun daidaita. Ba na son ya iske ƙauyanci a bakin ƙofa. Mama ba ta sani ba tukuna, kada ka yi zancen. Za ta yi kukanta na kwana biyu ta yi shiru, haka take."

Fathiyya ta dafe ƙirji. "Innalillahi. Ɗan da ta haifa."

"Kin ji dai. Ni ne jakin da zai ɗauki kayansa."

"Baban Walid, ka je ka same ta. Amma ka shiga ciki, ka rufe ƙofa, ku biyu. Ka ce ɗanta ya sa ka, shi ke nan. Wayar nan ka bar min ita a nan."

"In ce da baki? Ta yarda da bakin jaki?"

"To ka kunna mata a ɗaki."

"A titi ta zage ni, Fathiyya. Sumayya ba ta cikin ɗaki. Matar likita ba ta cikin ɗaki. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa karya wa mutum ko tsinken shinge ba. Ana ba ni makullin gida a tafi wata tara, ko cokali bai taɓa ɓata ba. Yau a wayi gari ni ne wanda ba a yarda ya taɓa matakala ba? Saboda wani mai ɗaurin wuya yana tsoron uwarsa? Farkon kawai za su ji. Zan tsayar kafin ya kai ga zancen gidan."

"Ka ci abinci tukuna. Mai yunwa ba ya tsayar da komai."

Bai ci ba. Ya yi la'asar a masallacin kasuwa, bai san surar da ya karanta ba, ya fito ya miƙe layin.

Lokacin ya yi masa daidai. Rana ta yi sanyi, mutane sun fito baranda da shayi da 'ya'yan kankana. Madam Sumayya na zaune a kan kujerar roba, dandamalinta kuwa ya yi fari-fari inda sabulu ya bushe, abin da ya ƙara tunzura shi. Hajiya Ummu Midhat tana kan matakalar gidanta. Ko akwatin ba ta shigar ba, jakar hannunta na kan cinya.

Ya tsaya a tsakiyar titi, daidai inda ruwan bokiti ya zuba da safe.

"Salamu alaikum, mutanen layi. Madam Sumayya, don Allah a ba ni kunne. Hajiya, da safe kin tambaye ni wa ya aike ni. Ban amsa ba. Ga amsar."

Ya ƙure ƙarar wayar, ya ɗaga ta sama.

Muryar Midhat ta cika layin. Tsohuwar ta ɗago kai da jin ta, fuskarta har ta fara sakewa kamar wadda aka yi wa sallama. "...ko da kankara ne. Kada ka bar ko alama."

Zaglul ya sauke wayar ya danna. Ba ta tsaya ba. Ya sake dannawa. Sabulu da gishirin lemo sun daɗe da cinye zanen yatsunsa, gilashin waya ba ya cika jin su, yau kuma ga gumi. "...ƙarshen wata, mun riga mun daidaita..." Ya goga yatsan a riga, ya danna da ƙarfi, ya danna da gaɓa. "...Mama ba ta sani ba tukuna..." Ya cusa ta cikin aljihu ya dafe, amma muryar ta ci gaba da fitowa daga ƙirjinsa, a shaƙe, kowace kalma tana fita sarai, har zuwa "haka take."

Daga can ƙarshen titi ana jin teku.

Wata mata a bene ta ce, "La'ilaha illallahu," a hankali. Wani ya ja kujerarsa ya shige ciki. Madam Sumayya ce ta fara magana, ba ta kalli tsallaken titi ba.

"Usta, gobe da sassafe ka zo ka ƙarasa. Ni dama na ce ba halinka ba ne. Zan kira matar likita in gaya mata."

To, ya samu. Abin da ya fito nema ke nan, an ba shi a gaban kowa. Ya tsaya yana jiran sanyin da ya kamata ya sauka a zuciyarsa, sanyin bai zo ba.

Hajiya Ummu Midhat ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon ginshiƙin, sannan ta kalli gidan gaba ɗaya, tagogi da rufi, kamar baƙuwar da ta zo tambayar hanya. Ta buɗe jakarta tana lalube. Zaglul ya ɗauka waya za ta ciro. Sai ta fito da wani ɗan gwangwani da bai wuce kofin shayi ba, da ƙaramin buroshin fenti a naɗe cikin leda. Ta ajiye su a kan matakala kusa da ƙafarta.

"Ashe ba kai ba ne," ta ce. Muryar ba ta safe ba ce, wannan ta tsufa. "Je ka, bawan Allah. Aike ka aka yi."

Ya matso taki biyu. Ya san gwangwanin. Man sheƙi ne, irin wanda kafintocin Dumyat ke rufe katako da shi don kada ruwa ya shiga.

"Duk shekara ranar da na iso nake shafa wa hannun," ta ce, ba shi take gaya wa ba. "Kafin in cire takalmi. A da Bayyumi ne yake yi da kansa. Da ya rasu na karɓa. Hannuna rawa yake yi, ba na iya yi da kyau, sai ya yi tudu."

Ya yi tudu. Zaglul ya ji abin a yatsunsa kafin ya ji shi a kai. Ranar da ya durƙusa a gaban ginshiƙin nan da fasasshen gilashi, duk shingen a bushe yake, rana da gishirin teku sun cinye shi, sai wurin nan kaɗai, faɗin tafin hannu, da ya yi kauri yana ƙyalli. Gilashin ya ɗaga ɓawo na farko, sai ga wani a ƙarƙashi. Ya ɗaga wannan, ga wani. Na can ƙasa sumul suke, aikin gwani. Na sama kuwa duk zanen buroshi ne a karkace, har da gashinsa guda biyu da suka maƙale. Ya tuna ya tsaya. Ya tuna har ya ajiye gilashin ya sha ruwa, yana kallon wurin. Ba wanda ya kai shi sanin cewa tabo ba ya rufe kansa da man sheƙi. Sannan ya ce a ransa mai gida ya ce a cire, kuma ba a taɓa cewa ga tabon da ya gagari Zaglul ba. Ya ɗauki gilashin ya ci gaba. Da ya kai ga jinin, ya ɗiga gishirin lemo har sau uku, ya ja baya ya yaba wa kansa.

Mutanen baranda ba su watse duka ba. Madam Sumayya na nan, matar bene na nan. Ya cire hularsa. Gwiwoyinsa sun saba da katako, suka sauka a kan matakalar farko ba tare da ya umarce su ba.

"Ni ne, Hajiya."

Ta dube shi.

"Aike ni aka yi, amma ni na gani. Na ga shafe a kan shafe, na san akwai mai kula da shi. Da na tambayi ko mutum ɗaya a layin nan da an gaya min. Ban tambaya ba." Ya ɗaga muryarsa yadda na bene za su ji kamar yadda suka ji wayar. "Abin da kika ji yanzu kuma, ba a titi ya kamata ki ji shi ba, ba kuma daga aljihuna ba. Na yi miki laifi har biyu. Ki yafe min, Hajiya. Don Allah ki yafe min."